Yadda masu nutso a kogon ruwa ke tsira idan kayan aiki suka lalace

Mai nutso a teku idan ya ga matsala, yana iya tasowa sama ya shaƙi iska. Wanda ke cikin kogon da ruwa ya cika ba shi da wannan dama, domin dutse ne a bisa kansa, kuma tilas ya koma ta inda ya shigo. Shi ya sa ƙwararru ke yin tanadin lalacewar kaya tun kafin su taɓa ruwa.

A shekarar 1979 ne Ba'amurke Sheck Exley ya wallafa wani ɗan littafi da ya nazarci musabbabin mace-macen masu nutso a koguna, kuma ƙa'idojin da ya fitar na aiki har yau.

Ta farko ita ce igiyar jagora, wadda ake shimfiɗawa daga bakin kogo. Idan laka ta turnuƙe ruwa ko haske ya ɗauke, da lalube ake bin ta har waje. Ta biyu, raba iska gida uku: kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya kuma ajiya ce domin ta-kwana. Ta uku, riƙe fitilu aƙalla uku.

Haka kuma, mai nutso na ɗaukar tulunan iska biyu, kowanne da na'urar shaƙarsa. Idan ɗaya ta fara zubar da iska, sai ya rufe bakin tulun ya koma ɗayar. Idan duka suka ƙi, abokin tafiya zai miƙa masa tasa, mai tiyo kusan mita 2, domin su iya ratsa matsatsi ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai kaya kaɗai ba sa ceto. A watan Janairun 2005, David Shaw ɗan Ostireliya ya nutsa kimanin mita 270 a kogon Boesmansgat na Afirka ta Kudu domin ɗauko gawar wani matashi. Igiya ta sarƙe, ya shiga kokawar warware ta, numfashinsa ya ƙaru, gurɓatacciyar iska ta taru a jikinsa har ya suma ya rasu.

Saboda haka masu horarwa ke nanata cewa da zarar abu guda ya lalace, tafiya ta ƙare: a natsu, a sanar da abokin tafiya, a kama igiya, a juya gida.