Kwana goma sha biyu a Moris: yadda ake tsare ƙananan jirage daga malalar mai

A daren 25 ga Yuli 2020, wani ƙaton jirgin dakon kaya mai suna Wakashio, mallakar wani kamfanin Japan, ya hau kan duwatsun murjani a kudu maso gabashin tsibirin Moris, cikin tekun Indiya. Ba ya ɗauke da kaya, amma tankunansa na cike da man injinsa, kusan tan 4,000. Man bai fara zuba ba sai ran 6 ga Agusta. Kwana goma sha biyu ke nan, kuma a ganinmu a cikin irin wannan rata ake tsirar da jirgi ko a rasa shi.

Gaɓar nan ta wajen garin Mahebur cike take da ƙananan jiragen shaƙatawa, masu kai baƙi yawon buɗe ido. Kada kalmar shaƙatawa ta ruɗe mu, jama'a masu karatu: ga mai jirgin, shi ne gonarsa, da shi yake ciyar da iyali. Da kimanin tan 1,000 na baƙin mai ya malala, hukuma ta hana kamun kifi da yawo a wannan yanki, sana'a ta tsaya cik.

Mai yana cin jirgi ta hanya biyu. Jikin yawancin waɗannan jirage na roba ne mai zaren gilashi, fentinsa kuwa yana shan mai kamar yadda farar riga ke shan manja; in rana ta buga shi ya daskare, tabon ya zauna. Igiyoyi da tayoyin da ake ratayawa a gefe, in sun jiƙe, sai dai a zubar. Ta biyun ta fi muni, don ba a ganinta. Injin jirgi da ruwan teku yake hucewa, yana zuƙarsa ta ƙasa. In aka tayar da shi cikin gurɓataccen ruwa, mai ya bi bututu ya toshe shi, ya lalata robar famfon, inji ya yi zafi har ya ƙone.

Saboda haka masana suke cewa da an ji labarin haɗari a fitar da jirgi kan tudu, ko a kai shi wata tasha nesa tun ruwa na da tsabta. Wanda ba shi da hali ya rufe bututun shan ruwan inji, ya kwashe igiyoyin da ba dole ba, ya shafe jikin jirgin da kaki don mai ya kasa kamawa. Bakin tasha kuma a tare shi da shinge mai yawo a kan ruwa. A nan mutanen Moris suka burge duniya: suka ɗinka dogayen buhuna, suka cusa musu busasshen ganyen rake da gashin kai, suka ɗaura gorunan roba don kada su nutse. Sai dai shinge yana aiki ne a ruwa mai kwanciya. Igiyar ruwa mai ƙarfi takan tsallake da man.

Wankin jirgi ma da ƙa'idarsa. Ba a zuba omo a teku, domin ba ya kawar da mai, sai dai ya farfasa shi ya kai wa kifi. A kan tudu ake wanki, a tara ruwan dattin.

Batun bai yi mana nisa ba, tun da ɗanyen man Cadi ta Kiribi yake fita, na Nijar kuma ta Seme tun 2024. Akwai kuma maganar diyya. Da yake Wakashio ba tankar mai ba ce, asusun duniya na diyyar malalar tankoki bai shafe shi ba, sai yarjejeniyar 2001 kan man injin jirage, wadda kuɗinta bai kai na wancan ba. Mai neman diyya ana tambayarsa hoton jirgin kafin wanki, da rasit na gyara, da shaidar abin da yake samu a wata kafin haɗarin.