Ramin da ke jikin akwatin lasifika ba ado ba ne

A gidajen biki na Maraɗi ko Damagaram, tun kafin ka hango rumfa kake jin dukan kiɗa a ƙirjinka. Wannan amo mai kauri da matasa ke kira bas daga manyan akwatunan lasifika yake fitowa, kuma da yawansu kafintocin unguwa ne ke haɗa su. Mai kayan sauti ya tara kuɗinsa ya sayo lasifika mai tsada, ya nuna wa kafinta hoto a waya, ya ce a yi masa irin wannan. Kafinta ya ƙera akwati mai kyau, ya huda rami inda ya ga ya dace. Ba a rufe wata uku ba takardar lasifikar ta yage, sai a ɗora wa ɗan kasuwa laifi, wai jabu ya sayar.

Sau da yawa ramin nan ne ya kashe ta. Ɗauki kwalbar lemo ka hura iska a bakinta, za ta ba ka murya guda. Zuba ruwa rabi ka sake hurawa, muryar ta ƙara siranta. Akwati mai bututu haka yake: iskar ciki tana lotsawa tana dawowa, iskar cikin bututun tana kai da komo a kanta, su biyun su tsayar da murya guda. Wani masani Bajamushe, Helmholtz, ya yi bayanin wannan tun ƙarni na 19. Tsawaita bututu ko ƙara girman akwati na saukar da muryar, faɗaɗa bututu kuma na ɗaga ta.

Ga misali. Akwati mai lita 60 da bututu mai faɗin santimita 10, in ana so ya tsaya a kan girgiza 40 a daƙiƙa, wato Hz 40, sai tsawon bututun ya kai kamar santimita 17. In kafinta ya yanke shi a santimita 8 don guntun da ya rage masa ke nan, akwatin ya haura wajen 50. To a nan matsalar take. Duk kiɗan da ya sauka ƙasa da muryar akwati, iskar ciki ba ta ƙara tallafar takardar lasifika. Sai ta dinga fizga gaba da baya ba mai riƙe ta, amo kuwa babu. Mai kiɗa ya ji shiru-shiru ya ƙara murɗa ƙarfi, shi ke nan.

Bututu mai ƙunci shi kuma huci yake yi kamar mai asma.

Kowace lasifika da akwatin da ya dace da ita. Neville Thiele a Ostareliya ya shimfiɗa lissafin a 1961, Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970, shi ya sa kamfanonin kirki ke rubuta Fs da Qts da Vas a takardar kayansu. Wadda Qts ɗinta bai kai 0.4 ba ta fi son akwati mai bututu, wadda ya haura 0.5 gara a rufe ta ruf. Akwai manhajar kwamfuta ta kyauta, WinISD, da ke fitar da awon. Lasifikar da ta zo ba takarda, ni dai shawarata a yi mata rufaffen akwati, ya fi yafe kuskure.

Awon cikin akwati kuwa lissafin firamare ne, wanda yara ke ƙorafin ba su ga amfaninsa ba: tsawo sau faɗi sau zurfi a santimita, a raba da 1000, a samu lita. Daga ciki ake aunawa, a cire wurin da lasifika da bututu suka cinye. Katako ya kai kaurin milimita 18, a sa gam a kowace gaɓa.

In an gama, kwantar da akwatin fuskarsa sama, zuba ƴan ƙwayoyin shinkafa a kan takardar, ka kunna manhajar gwajin sauti a waya da ƙaramin ƙarfi, kana saukowa daga Hz 80 a hankali. Inda shinkafar ta lafa alhali bututu na fitar da iska sosai, nan ne muryar akwatinka. In ta yi sama da abin da aka nufa, a canza bututun da wanda ya fi tsawo tun kafin ranar biki.