Tsohon Babur Ɗan Italiya a Hanyoyin Bagudo: Abin Dubawa Kafin a Biya Kuɗi

Babur ne ke riƙe da zirga-zirgar ƙasar Bagudo. Daga Ka'oje zuwa Illo, daga Illo zuwa Lolo a bakin iyaka, ko ta Tsamiya a nufi Segbana cikin Jamhuriyar Benin, shi ke fito da buhun shinkafa daga fadamun Kogin Neja, shi ke kai mai naƙuda asibiti idan damina ta yanke hanyar mota. Kusan duk baburan nan na Indiya ne ko na Sin: Boxer, TVS, Haojue, Jincheng. Amma da yake yankin yana kan hanyar kayan Kwatano, jefi-jefi akan ji labarin wani babban babur na hannu ɗan Turai, mai suna irin Ducati ko Aprilia ko Moto Guzzi, a farashin da ke sa saurayi mai ɗan abin hannu ya fara lissafi. A ganina lissafin nan yakan tsaya a kan kuɗin saye, alhali ba nan nauyin yake ba. Darajar tsohon babur tana rataye ne da abin da ke kewaye da shi: bakaniken da ya san cikinsa, shagon da ke da kayan gyaransa, man da zai sha, da takardar da za ta wuce da shi a shingen kwastan.

Hujja ta farko tana cikin tarihinmu, domin ƙasar Hausa ta daɗe da sanin babur ɗan Italiya. Kamfanin Piaggio ya fitar da Vespa a 1946, kuma a shekarun 1970 da 1980 wannan babur da muke kira Basfa ya zama abin hawan malamin makaranta da akawu da ɗan kasuwa a Kano da Zariya da Sakkwato. Har yau akan ga dattijo a kanta tana tafiya lafiya lau. Ba sunan Italiya ya raya ta ba. Injinta mai sauƙi ne, ana gauraya mata fetur da baƙin mai, ba ta da sarƙar da za ta tsinke, ga tayar safaya maƙale a jikinta. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne yawanta: da masu ita suka yi yawa, sai masu gyaranta suka yi yawa, 'yan kasuwa kuma suka ga riba a shigo da kayanta. Kamfanin Bajaj na Indiya, wanda Boxer ɗinsa ta cika hanyoyin Kebbi a yau, da ƙera Vespa ya fara bisa lasisin Piaggio daga 1960 zuwa 1971, sannan ya ci gaba da fitar da mai kama da ita da sunan Chetak. Wannan ya ƙara wa kayan gyaran irin wannan babur yawa da araha a duniya.

To, baburan tsere wata halitta ce daban. Ducati, wanda aka kafa a birnin Bologna a 1926, ya shahara da wata dabara da injiniya Fabio Taglioni ya kawo masa a shekarun 1950. A yawancin injina sifirin ne ke mayar da bawul ya rufe. A Ducati wani hannun ƙarfe na biyu ne ke ja ya rufe shi, don kada bawul ya makara idan inji na gudu da ƙarfi. Dabara ce mai ban sha'awa, amma tana nufin kowane bawul yana da giɓi biyu da za a auna, a daidaita su da wasu siraran ƙarafa masu kauri daban-daban. A tsofaffin samfura ana buƙatar wannan awo kusan duk kilomita 10,000. Bayan haka, tun daga samfurin Pantah na wajen 1980, bel ɗin roba mai haƙora ne ke juya sandar bawul a yawancin Ducati, kuma ƙa'idar tsofaffin ita ce a sauya shi duk shekara biyu ko da babur ɗin yana ajiye a ɗaki, saboda roba tana bushewa. Idan ya tsinke ana cikin tafiya, fistan ya doki bawul, injin ya tashi aiki nan take. Mai sayen Ducati 916 ta 1994 ko Monster ta 1993 yana sayen inji ne mai sama da shekara talatin, wanda ba wanda zai iya rantse masa yaushe aka sauya bel ɗinsa na ƙarshe.

Wani zai ce ai bakanikenmu babu abin da ke gagararsa. Gaskiya ne akwai gwanaye a garejin Bagudo da Koko da Jega waɗanda ke tayar da injin da wani zai jefar, kuma ba daidai ba ne a raina su. Sai dai gwanintarsu ta ginu ne a kan maimaici. Wanda ya kwance Boxer ɗari ya san kukanta, ya san inda take ciwo tun kafin ya taɓa sufana. Injin da bai taɓa gani ba, mai na'urar fesa fetur da ƙaramar kwamfuta a maimakon kafireta, a kan babur ɗinka zai koya, kai kuma za ka biya kuɗin karatun. Ko da ya gane matsalar, ba zai sassaƙa bel mai haƙora ko ƙarfen daidaita bawul da hannunsa ba. Dole a yi odarsu daga waje, a jira makonni. A nan ya kamata a yi adalci ga Moto Guzzi, wanda ke aiki a Mandello del Lario tun 1921: tsofaffin injinansa iska ke sanyaya su, bawul ɗinsu da sufana da sukundireba ake daidaita shi, kuma sanda ce ke juya tayar baya a maimakon sarƙa. Bakanike mai natsuwa zai iya da shi. Amma shi ma ranar da kulocinsa ya ƙone, babu shago daga Birnin Kebbi har Kandi ta Benin da za a sa ran samun nasa a ajiye.

Wani kuma zai ce ƙarfen Turai ya fi ƙarko, gara tsohon ɗan Italiya da sabon ɗan Sin. Ƙarko ba a auna shi sai a inda za a yi aikin. An ƙera baburan tsere ne don kwalta mai santsi da fetur mai tsabta. Cikinsu kusa yake da ƙasa, tayoyinsu masu faɗi ne marasa haƙora, mahayi kuma a kife yake kan tanki. A kan yashi da laka da ramukan da ruwa ya ci, wannan siffa wahala ce, wani lokaci ma haɗari. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 yana gasa injin da aka tsara ya sha iska a guje. Batun fetur ya fi duka. A ƙauyukan iyaka mai yawanci daga jarka da kwalba yake fitowa a hannun 'yan bumburutu, musamman tun da kwastan ta hana kai mai gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamban 2019. Boxer takan haɗiye man da ya ɗan sha ruwa ko ƙasa, a wanke kafireta a ci gaba. Famfon fetur da bakin feshin Ducati ba su da wannan haƙuri.

Saura maganar araha, wadda ita ce ke jan mutane tun farko. A Benin da sefa ake ciniki, sefa kuwa a ɗaure take da yuro a kan 655.957 ga yuro ɗaya. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a Yunin 2023, bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun shekarar, duk abin da ake saye da yuro ya yi tashin gwauron zabi a aljihun ɗan Nijeriya. Babur sau ɗaya ake sayensa, amma taya da bel da birki da batir ana sayensu muddin yana raye, kowane a farashin ranar. Babur mai lita kusan ɗaya a cikin injinsa kuma ba shan man Boxer mai cc 100 zai yi ba. Shi ya sa idan aka ga tsohon babur na tsere yana araha, sau da yawa mai shi ya riga ya hango gyaran da ke tafe ne, yana neman wanda zai ɗora wa.

Duk wannan ba ya nufin son irin waɗannan babura laifi ne. Wanda ke zaune a Abuja ko Kano, yana da wani abin hawan na yau da kullum, ya san bakanike takamaimai da ya taɓa aikinsu, kuma ya ware kuɗin gyara daban da kuɗin saye, yana da damar ya more abin da ransa ke so. Ko shi ma sai ya bi a hankali: ya tayar da injin da sanyin safiya kafin mai sayarwa ya ɗumama shi, ya auna ko batir na caji domin wutar tsofaffin Ducati sananniyar mai ba da matsala ce, ya leƙa cikin tanki ya nemi tsatsa, ya ɗauka cewa bel sabo zai sa kafin ya yi tafiyar farko. Sannan takarda. An hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017, an rufe iyakokin a Agustan 2019 sai a Disambar 2020 aka fara buɗe wasu, kuma matsalar tsaro a Arewa maso Yamma ta sa jami'ai ba sa wasa da babur maras asali. Babur ja mai ƙara irin ta Ducati ba ya ɓuya a kowane shinge. Idan lambar da ke jikin firam da ta inji ba su dace da ta takardar biyan kuɗin kwastan ba, ana iya ƙwace shi tun kafin a bar ƙasar Bagudo, kuma dillalin da ya karɓi sefa a ƙetaren iyaka ba zai dawo da ko sisi ba.