Kafa Satalayit A Gida: Uwargida, Ki Sa Ido Kan Wayoyi

Duk wadda ta bi hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal ta ratsa Bodinga da Shagari, za ta ga farantan satalayit sun leƙo ta saman katangu, har a gidajen ƙasa. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014, ga tashoshin wa'azi da na karatun Alƙur'ani daga Makka, ga kuma sola ta yi sauƙi, magidanta da yawa suka saya. Sai dai maigida ne ke saye, mai haɗawa ya haɗa ya tafi, ke kuwa uwargida ke za ki zauna da wayoyin da yaranki masu rarrafe. Don haka ranar kafawa ki faɗi ra'ayinki, ko ta bakin maigida ne ko babban ɗanki, tunda namiji ne zai shigo cikin gida.

Taurarin da ke aiko da hoton suna sama da nisan kusan kilomita 36,000, daidai layin da ya raba duniya biyu. Shi ya sa a ƙasar Sakkwato faranti ke kallon ɓangaren kudu, kuma ba ya son bishiya ko gini a gabansa. Dalbejiyar da take ƙarama yau, baɗi ita za ta tare hoton.

Mutane na son ɗora shi kan rufin kwano ko jikin katangar ƙasa, ni kuwa ban ga hikimar haka ba. Kowa ya san iskar farkon damina a yankinmu, wadda ke yaye rufi sukutum, kuma ginin ƙasa ba ya riƙe ƙusa idan ya sha ruwa. Gara a kafa ƙarfe a ƙasa a zuba masa siminti, a lungun da awaki ba sa zuwa soshe-soshe, domin ɗan motsi kaɗan ya isa hoto ya ɗauke. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da ake yi wa canjin wurin aiki, yau Bodinga gobe Shagari, suna zaman haya, sai su dasa ƙarfen cikin tsohuwar taya ko babban bokiti da siminti. Ranar tashi a ɗauka gaba ɗaya, babu fasa bangon mai gida balle rigimar biyan gyara. A sabon gida dai sai an sake saita shi.

To, sai batun waya, inda nan ne hatsarin yake. Kada ki yarda a bar ta tana ja a tsakar gida, ko a ratsa ta bakin ƙofa inda yaro zai harɗe, ko ya ja ta talabijin ta faɗo masa. A bi da ita ta saman bango da 'yan maƙalai, inda ta sauko ƙasa kuma a zura ta cikin bututun roba saboda ɓera da akuya. Kafin ta shiga ɗaki a bar ta ta ɗan lanƙwaso ƙasa sannan ta hau ramin, ta yadda ruwan sama zai ɗige a waje maimakon ya biyo ta har bayan dikoda. Ramin kuma a toshe shi. A raba ta da wayar wutar lantarki, kada a ɗaure su tare. Ragowar da ta yi tsawo a naɗe ta a ɗaure bayan talabijin. Soket ya kasance sama da inda hannun yaro ke kaiwa, kuma don Allah a daina cusa tsirarar waya a soket da tsinken ashana.

Dikoda na tura 'yar wuta, bolt 13 ko 18, ta cikin wayar zuwa kan farantin, saboda haka a kashe ta kafin a kwance ko a ɗaura. Idan hadari ya taso da walƙiya, ki zare filogi, ki kwance wayar faranti ma, domin kashewa da rimot ba ya hana tsawa ƙona kaya.

Kafin mai haɗawa ya karɓi kuɗinsa, ya nuna muku yadda ake goge tashoshin da ba ku so da yadda ake kulle wasu da lambar sirri. Yawancin dikodoji da 0000 ko 1234 suke zuwa, kuma ɗalibaina na aji uku ma sun san haka. Ki sa a canza ta a gabanki, lambar ta zauna wurinki da maigida kawai.