Sharuɗɗan Ba da Lasisi ga Ma'aikatan Jin Daɗin Jama'a a Jihohin Amurka

1.0 Gabatarwa

Duk sana'ar da ta shafi rayuwar mutane da sirrinsu, hukuma ba ta barin ta kara zube. Likita da lauya da malamin makaranta duk sai sun cika wasu sharuɗɗa kafin a sakar masu aiki. Haka abin yake ga ma'aikacin jin daɗin jama'a a ƙasar Amurka. Wannan babi zai yi bayanin yadda jihohin wannan ƙasa suke tantance irin waɗannan ma'aikata, da matakan lasisin da suke bayarwa, da kuma muhawarar da ta taso game da tsarin. Manufa ita ce ɗalibi mai shirin zama malami ya fahimci yadda aikin taimako yake rikiɗa ya zama sana'a mai doka da oda, domin ita ma koyarwa irin wannan hanya ta biyo.

2.0 Wane ne Ma'aikacin Jin Daɗin Jama'a?

Ma'aikacin jin daɗin jama'a shi ne wanda aka horar domin ya taimaka wa mutum ko iyali ko al'umma su fita daga wata matsala ta rayuwa. A Amurka ana samun sa a asibitoci da makarantu da kotuna da gidajen yari da gidajen kula da tsofaffi. Shi ne yake bincika ƙorafin cin zarafin yaro, ya ba kotu shawara a kan ko a bar yaron a hannun iyayensa ko a ɗauke shi. Shi ne kuma yake zama da mai fama da shaye-shaye ko ciwon damuwa, ya saurari abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Kuskuren irin wannan ma'aikaci yana iya raba uwa da ɗanta ba bisa haƙƙi ba, ko ya bar yaro a hannun mai cutar da shi. Wannan ne dalilin da ya sa hukuma ta sa baki.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Aikin ya faro ne a matsayin sadaka da sa kai. A 1889 Jane Addams ta buɗe gidan Hull House a birnin Shikago domin taimakon baƙin haure da talakawa. A 1898 aka fara wani gajeren kwas na horarwa a birnin Niyok, wanda daga baya ya zama makarantar koyon wannan aiki ta Jami'ar Kolambiya. A 1915 wani masanin ilimi mai suna Abraham Flexner ya gabatar da jawabi inda ya yanke hukuncin cewa aikin bai kai matsayin sana'ar ƙwararru ba tukuna. Wannan magana ta zaburar da ma'aikatan, suka duƙufa wajen tsara iliminsu. Littafin da Mary Richmond ta fitar a 1917 a kan hanyoyin binciken matsalar iyali yana daga cikin tubalan farko na wannan ilimi.

Ta fuskar doka, yankin Fato Riko ne ya fara kafa dokar tsara aikin a 1934, sannan jihar Kalifoniya ta kafa dokar rajista a 1945. Sauran jihohi suka biyo baya sannu a hankali, har zuwa farkon shekarun 1990 lokacin da kowace jiha ta mallaki tata dokar.

4.0 Me Ya Sa Jiha ce Take Ba da Lasisi?

Amurka tarayya ce mai jihohi 50. Gyara na 10 na tsarin mulkinta ya bar wa jihohi duk wani iko da ba a ba gwamnatin tarayya ba, ciki har da kare lafiyar jama'a. A 1889 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa jihar Bajiniya ta Yamma ikonta na hana mutum aikin likita in ba shi da lasisi, kuma wannan hukunci ya zama madogara ga sauran sana'o'i. Saboda haka babu wani lasisi guda na ƙasa baki ɗaya. Kowace jiha tana da hukumarta, kuma lasisin da ta bayar bai wuce iyakarta ba.

Dokokin jihohi iri biyu ne. Akwai dokar kare laƙabi, wadda take hana mutum kiran kansa ma'aikacin jin daɗin jama'a in ba shi da lasisi. Akwai kuma dokar kare aiki, wadda take hana shi yin aikin kansa ko da wane suna ya kira kansa. Jihohi da dama sun keɓe wasu ma'aikatan gwamnati daga wannan sharaɗi, shi ya sa ba duk mai kula da harkar yara a ofishin gwamnati ne yake da lasisi ba.

5.0 Sharuɗɗan Samun Lasisi

Duk da bambancin dokoki, akwai ginshiƙai huɗu da kusan kowace jiha take dubawa.

5.1 Ilimi

Dole mai nema ya sami digiri a fannin daga makarantar da aka amince da ita. Majalisar da take tantance waɗannan makarantu, wadda ake taƙaita sunanta da CSWE, an kafa ta a 1952. Ta shar'anta wa ɗalibin digirin farko aƙalla awa 400 na koyon aiki a fage, ɗalibin digiri na biyu kuwa aƙalla awa 900. Wannan ya yi kama da gwajin koyarwa da ɗalibin kwalejin ilimi yake fita yi. Digiri na biyu yakan ɗauki shekara biyu, amma wanda ya yi digirinsa na farko a fannin yana iya kammalawa a cikin shekara ɗaya.

5.2 Jarrabawa

Hukumomin jihohi sun haɗu a 1979 sun kafa ƙungiya guda, wadda a yau ake kira ASWB, kuma ita take shirya jarrabawar da mafi yawansu suke amfani da ita. Jarrabawar hawa-hawa ce, akwai ta masu digirin farko, da ta masu digiri na biyu, da ta ƙwararru. A tsarin da aka yi amfani da shi a 2023, takardar ta ƙunshi tambayoyi 170 na zaɓi-ka-cike a cikin awa 4. Tambayoyi 150 ake ba maki, sauran 20 kuwa gwaji ne domin jarrabawar gaba. Wasu jihohi, irin su Kalifoniya da Teksas, suna ƙara wata jarrabawa ta daban a kan dokokin jihar da ladubban aiki.

5.3 Aiki a Ƙarƙashin Kulawa

Wanda yake son babban lasisi sai ya yi aiki a ƙarƙashin wani ƙwararre bayan ya gama digiri na biyu. Wannan ƙwararre zai riƙa zama da shi a kai a kai, suna bitar matsalolin da ya ci karo da su, daga ƙarshe ya sa hannu a takardar shaida. A nan ne bambancin jihohi ya fi fitowa fili, kamar yadda za a gani a gaba.

5.4 Hali da Ladubban Aiki

Jihohi da yawa suna ɗaukar hoton yatsun mai nema domin a bincika ko ya taɓa aikata laifi. Bayan an ba shi lasisi, ana sa ran ya kiyaye ladubban sana'ar. Ƙungiyar ma'aikatan ta ƙasa, wato NASW, wadda aka kafa a 1955, ta fitar da kundin ladubbanta na farko a 1960, kuma an sha yi masa gyara. Daga cikin manyan laifuka akwai tona sirrin wanda ake taimako, da neman sa da lalata, da ƙarya a takardun kuɗi. Hukumar jiha tana da ikon yin gargaɗi, ko cin tara, ko dakatarwa, ko ƙwace lasisin ɗungurungum.

6.0 Matakan Lasisi

Galibi ana samun matakai uku:

i. Lasisin mai digirin farko. Mai shi yana tattara bayanai, yana haɗa mabuƙata da hukumomin taimako, yana bibiyar halin da suke ciki.

ii. Lasisin mai digiri na biyu. Mai shi yana iya shugabantar shiri, yana kuma iya duba masu matsalar ƙwaƙwalwa amma a ƙarƙashin kulawa.

iii. Babban lasisi, wanda jihohi da yawa suke taƙaita sunansa da LCSW. Mai shi yana iya gano ciwon ƙwaƙwalwa, ya yi wa mutum magani ta hanyar tattaunawa, ya buɗe ofishin kansa, kamfanonin inshora su biya shi kai tsaye. Ba ya rubuta ƙwayar magani, domin wannan aikin likita ne.

7.0 Misalai daga Jihohi Huɗu

Jihar Teksas tana ba da dukkan matakai ukun. Babban lasisinta yana buƙatar awa 3,000 na aiki a cikin aƙalla wata 24, tare da awa 100 na zama da mai kulawa. Kalifoniya kuwa babban lasisin kaɗai take bayarwa, wanda yake kan hanyar samun sa sai dai ya yi rajista a matsayin mai koyo. Ita ma tana neman awa 3,000 a cikin aƙalla mako 104. Jihar Niyok tana da matakai biyu, duka na masu digiri na biyu, kuma tana neman shekara 3 na aiki da awa 2,000 na ganawa da masu neman taimako. Fulorida tana neman shekara 2 da awa 1,500 na ganawa ido da ido.

Lasisin ba na din-din-din ba ne. A Teksas ana sabunta shi duk shekara 2 bayan awa 30 na ƙarin ilimi, a Niyok kuma duk shekara 3 bayan awa 36.

8.0 Nauyin da Lasisi Yake Ɗorawa

Lasisi yana ba da kariya, yana kuma ɗora nauyi. A 1996 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Jaffee da Redmond cewa ba za a tilasta wa ma'aikaci mai lasisi ya bayyana a kotun tarayya abin da aka faɗa masa a ɗakin magani ba. Sai dai riƙe sirri yana da iyaka. Dokokin jihohi sun wajabta wa ma'aikacin, kamar yadda suka wajabta wa malamin makaranta, ya kai rahoto idan ya yi zargin ana cin zarafin yaro. Haka kuma tun bayan shari'ar Tarasoff ta 1976 a Kalifoniya, jihohi da dama sun ɗora masa nauyin ɗaukar mataki idan wanda yake dubawa ya yi barazanar kashe wani.

9.0 Ma'aikacin da Yake Aiki a Makaranta

Wannan sashe ya fi shafar malamai. Tun wajajen 1906 aka fara tura wasu ma'aikata gidajen ɗalibai a biranen Niyok da Boston da Hatfod, ana kiran su malamai masu ziyara. Su ne asalin ma'aikacin jin daɗin jama'a na makaranta, mai bin diddigin yaron da yake fashi ko wanda halinsa ya sauya. A jihohi da yawa ma'aikatar ilimi ce take ba shi takardar shaida ta daban. A Kalifoniya, alal misali, hukumar da take tantance malamai ita ce take tantance shi.

10.0 Muhawara a Kan Tsarin

Matsala ta farko ita ce ta adalcin jarrabawa. A watan Agusta na 2022 ƙungiyar ASWB ta fitar da alƙaluma da suka nuna cewa, tsakanin 2018 da 2021, kimanin kashi 84 cikin 100 na fararen fata sun ci jarrabawar babban lasisi a zaman farko, baƙaƙen fata kuwa kimanin kashi 45. Masu suka sun ce jarrabawar tana tare hanyar mutanen da unguwannin talakawa suka fi buƙata. Masu kare ta sun ce giɓin ya samo asali ne daga bambancin damar karatu, kuma idan aka cire jarrabawa babu wani ma'auni guda da ya rage. Jihar Ilinoyi ta riga ta cire sharaɗin jarrabawa daga ƙaramin lasisinta tun watan Janairu na 2022.

Matsala ta biyu ita ce ta ƙaura. Ma'aikacin da ya koma wata jiha sai ya sake neman lasisi, kuma ganawa ta intanet ta ƙara fito da wannan cikas, domin dokar jihar da mai neman taimako yake zaune ita ake bi. Abin ya fi damun matan sojoji da mazajensu da ake yawan yi wa canjin wurin aiki. Don haka Ma'aikatar Tsaro ta tallafa aka tsara wata yarjejeniya ta lasisi ɗaya mai aiki a jihohi da yawa. Jihar Mizuri ce ta fara amincewa da ita a 2023, kuma a watan Afrilu na 2024 Kansas ta zama ta bakwai, adadin da ake buƙata kafin a kafa hukumar gudanar da ita.

11.0 Kammalawa

An ga cewa lasisin ma'aikacin jin daɗin jama'a a Amurka ya dogara ne a kan ilimi da jarrabawa da aiki a ƙarƙashin kulawa da kyakkyawan hali, kuma jiha ce take da wuƙa da nama. A Nijeriya kuwa, rajistar malamai tana hannun hukuma guda ta tarayya, wato TRCN, wadda dokar 1993 ta kafa, don haka malami ba ya sake rajista idan ya bar Kano ya koma Sakkwato. Kowane tsari yana da ribarsa da cikas ɗinsa. Abin da ya haɗa su shi ne manufa: a kare yaro da marar ƙarfi daga hannun wanda bai san aiki ba, ba tare da an rufe wa wanda ya cancanta ƙofa ba.

Tambayoyin Bita

1. Bambanta tsakanin dokar kare laƙabi da dokar kare aiki.
2. Kawo ginshiƙai huɗu na samun lasisi, ka yi bayanin biyu daga ciki.
3. Kwatanta sharuɗɗan babban lasisi a jihohin Teksas da Niyok.
4. A ganinka, ya dace a cire jarrabawa daga sharuɗɗan shiga sana'a irin ta koyarwa? Kafa hujja.