Azurfar Ashabul Kahafi: Abin da Masoyan Wani Tsohon Shiri Suka Gani da Aka Maido Musu Shi

Ranar wata Lahadi da almuru, bayan kasuwar Illela ta watse, manyan motocin shanu da na albasa sun kama hanyar kudu, ina zaune a teburin mai shayi a bakin titi nan Amarawa, inda dattawan unguwarmu suka saba haɗuwa tsakanin Magariba da Lisha, sai wani ɗan kabu-kabu ya miƙo wayarsa ya ce a duba abin da aka turo masa daga Ƙonni. Ashe wani ɗan guntu ne na Samanja Mazan Fama, wanda bai fi minti uku ba, hoton ya dushe har kakin soja ya koma launin toka, murya kuma tana ƙara tana raguwa kamar ana magana daga cikin rijiya. Duk da haka sai da shayin kowa ya huce ba a kurɓa ba. Kawuna, wanda shekarunsa suka haura saba'in, ya karɓi wayar ya kai ta daf da idonsa, ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya dube ni ya ce, "Kai ɗana, ku da kunka yi boko, mi ya hana a maido muna wanga wasa? Tun da anka daina shi ban ƙara ganin abin kallo ba." Wani ya tuna masa cewa ai Usman Baba Pategi, mai fitowa a Samanja, ya riga mu gidan gaskiya tun watan Nuwamba na 2023. Kawu ya ce, "Allah shi jiƙan shi. To, a samo wani shi sa kakin."

Wannan roƙo na Kawu na ji shi a bakin mutane da yawa, wasu a kan Karkuzu na Bodara da ake yi a Jos, wasu a kan Karambana na Kasimu Yero, mutanen ƙasarmu kuwa galibi a kan Idon Matambayi na gidan talabijin na Sakkwato, wanda ya yi mana magana da harshenmu yadda muke yin sa a gida. Saboda haka na ga ya kamata in ba masu karatu labarin wasu mutane a Amurka da suka yi irin wannan roƙo fiye da shekara ashirin, aka kuwa amsa musu, domin a ga abin da ya same su.

Sunan shirin Twin Peaks. David Lynch da Mark Frost ne suka ƙaga shi, tashar ABC ta fara nuna shi ranar 8 ga Afrilu, 1990, kuma mutum sama da miliyan 34 ne suka kalli kashin farko. Labarin wani ƙaramin gari ne a jihar Washinton, kusa da iyakar Kanada, mai injin yankan katako da otal da gidan abinci inda kowa ya san kowa, wanda aka wayi gari aka tsinci gawar wata ɗaliba mai suna Laura Palmer a bakin ruwa, sai hukumar binciken manyan laifuka ta aiko jami'inta Dale Cooper ya gano wanda ya kashe ta. Mutumin Amarawa ba zai ji garin nan baƙo ba, domin shi ma ya san yadda garin kan iyaka yake da fuska biyu, ta rana da ake gaisawa da mutunci, da ta dare da ake fasa-ƙwauri ta ɓarauniyar hanya, kowa ya sani kuma ba mai faɗi. Amma abin da ya raba shirin da sauran labarun 'yan sanda shi ne, shi wannan jami'i da mafarki yake bincike. Yakan ga kansa cikin wani ɗaki mai jajayen labule, inda wani wada ke rawa yana magana a birkice, wani lokacin kuma wani dogon mutum ya zo masa da zance mai kama da ka-cici-ka-cici, ga kuma wata mata a garin da ke rungume da guntun gungume kamar goyo, tana isar da saƙon da ta ce shi ya faɗa mata.

Turawa da yawa sun ruɗe da wannan. Ni kuwa da na fara ganin sa a kaset a Zariya lokacin ina ɗalibi, ban ji wani abu ya yi mini nisa ba, don kuwa wanda ya tashi yana jin tatsuniyar Gizo da Dodo a bakin kakarsa, ya ga malamai na buɗe littafin ta'abirin mafarki da ake jinginawa ga Ibn Sirin, ya kuma ji labarin 'yan bori na ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi, ba sai an yi masa dogon sharhi ba idan aka ce iska ta shige jikin mutum. Haka kuwa ta kasance, domin da aka tona asirin sai ga shi uban yarinyar ne ya kashe ta, wani mugun ruhi na cikinsa. Fim ɗin da Lynch ya yi a 1992 a kan kwanakin ƙarshe na Laura ya ƙi barin uban ya fake da wannan uzuri gaba ɗaya, kuma ina ganin daidai ya yi, gama mu ma nan mun san sau nawa akan ɗora wa aljani laifin da ɗan Adam ya aikata da hankalinsa.

Shugabannin tashar ne suka matsa sai an bayyana mai kisan, alhali masu shirin sun so su bar asirin a rufe, kuma tun daga ranar da aka bayyana shi 'yan kallo suka ƙara janyewa, har aka tsayar da shirin a watan Yuni na 1991 bayan kashi 30. An tsayar da shi kuwa a mafi munin wuri: Cooper na gaskiya ya maƙale cikin jan ɗakin nan, wani mai kamarsa sak amma mugu ya fito duniya a madadinsa, Laura kuma ta yi masa alkawarin za su sake haɗuwa bayan shekara 25. Jama'a suka watse, aka bar wasu 'yan tsiraru da suka riƙe shirin irin riƙon da almajiri ke yi wa littafin malaminsa. Sun rubuta wa tashar wasiƙun roƙo, sun kafa mujalla mai suna Wrapped in Plastic wadda ta fito har sau 75 tsakanin 1992 da 2005 babban batunta shi ne wannan shiri, kuma kowace shekara sukan yi ziyara zuwa garuruwan da aka ɗauki shirin, su zauna a gidan abincin su sha gahawa.

A watan Oktoba na 2014 tashar Showtime ta ba da sanarwar za a maido shi. Murna ta koma ciki a Afrilun 2015 da Lynch ya ce ya janye saboda kuɗin da aka ware bai isa ba, 'yan wasan suka fito suna roƙo tare da masoya, aka sasanta bayan wata guda, har ranar 21 ga Mayu, 2017 aka fara nuna sabon zangon mai kashi 18, dukkansu Lynch ne ya ba da umarninsu.

To, a nan ne zancen yake. Mutanen da suka kwana shekara ashirin da shida suna jiran su ga Cooper ya dawo da fara'arsa da kaifin basirarsa, sai aka fito musu da shi tamkar wanda shanyewar jiki ta taɓa, ba ya iya magana sai maimaita kalmar ƙarshe da aka faɗa masa, ana jan sa da hannu zuwa wurin aiki a can Las Vegas, mutane na kiran sa da sunan wani. Mako ya bi mako, masoya na cewa yau zai farka, bai farka ba sai a kashi na 16, saura biyu a gama. A wani kashin an tsayar da kyamara fiye da minti biyu a kan wani mutum yana sharar daɓe, ba magana ba labari. A kashi na 8 kuwa aka bar garin da mutanensa, aka koma ranar 16 ga Yuli, 1945, ranar da Amurka ta gwada bam ɗin nukiliya na farko a hamadar New Mexico, aka shiga da mai kallo cikin tsakiyar wutar, da hoto baƙi da fari, kamar ana cewa daga nan sharrin ya ɓullo. Masoya suka dare gida biyu. Wasu suka ce an ci amanarsu, an yi musu alkawarin tuwo an kawo musu tsakuwa. Wasu suka ce ba a taɓa nuna abu mai girman wannan a akwatin talabijin ba, har wata tsohuwar mujallar fina-finai ta Faransa, Cahiers du Cinéma, ta sa shi a kan gaba cikin fina-finan 2017, abin da ya ta da wata sabuwar muhawara a kan ko fim ne ko shirin talabijin.

Ni ina tare da ɓangare na biyu, amma ba don hujjar masana ba. Abin da ya kama zuciyata shi ne shirin ya ƙi ɓoye tsufa da mutuwa. Catherine Coulson, matar nan mai gungume, ciwon daji ya riga ya cinye ta sa'ad da aka ɗauki nata ɓangaren, ta fito da bututun iska a hanci, gashinta ya zube, tana magana ta wayar tarho da murya mai rawa tana sallama da abokinta, kuma kwanaki kaɗan bayan ɗaukar ta rasu a watan Satumba na 2015. Wanda ya kalli wannan ya san bankwana ne na haƙiƙa. Wasu 'yan wasan su ma ba su kai ga ganin an nuna aikinsu ba. Waɗanda suka rage kuwa, samari da 'yan matan 1990, ga su da furfura da tamoji, ba a shafe musu ba. An dai yi wa masoya alheri ɗaya ko biyu, kamar wasu masoya biyu da aka raba tun ƙuruciya da aka bari suka haɗu a ƙarshe suna tsofaffi, amma ko wannan daɗin da ɗacin shekarun da suka salwanta ya zo.

Ƙarshen ya fi kome tsanani. Cooper ya koma daren da aka kashe Laura don ya cece ta, ya kama hannunta cikin daji, ta suɓuce masa. Ya sake samun wata mata mai kamanninta a jihar Texas, ya tuƙo ta dare guda har ƙofar gidan iyayen Laura, ya ƙwanƙwasa, sai wata baƙuwa ta buɗe ta ce ba ta san da waɗannan mutane ba (wadda ta fito a matsayin nan kuwa ita ce mai gidan a zahiri). Ya koma bakin titi ya tsaya a ruɗe yana tambayar wace shekara ake ciki. Da na ga wannan, ba don in daidaita ƙissar Alƙur'ani mai girma da wasan kwaikwayo ba, Allah ya tsare, sai Ashabul Kahafi suka faɗo mini a rai, samarin da suka yi barci shekara 309 suka farka suna zaton yini ɗaya ne ko sashensa, suka aiki ɗayansu birni da azurfarsu ya sayo abinci, malaman tafsiri suka ce mai sayarwa ya juya kuɗin ya ga na zamanin wani sarki ne da aka daɗe da mantawa. A nan Illela 'yan canji za su juya maka naira zuwa sefa ko sefa zuwa naira kafin ka ƙifta ido, amma kai musu sule da sisi da taro na kafin 1973 ka ga ko akwai mai karɓa, ko da yake kuɗin na gaske ne, ba jabu ba. Azurfar da mai son tsohon shiri ke riƙe da ita ke nan.

Mu ma mun ɗanɗani ɗan kaɗan daga wannan. Da Nafisa Abdullahi ta bar shirin Labarina na Malam Aminu Saira, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya, an daɗe ana cacar baki a majalisu da wayoyi, alhali tsakanin fuskar farko da ta biyu ba a yi ko shekara uku ba, ballantana a ce wani ne zai sa kakin Samanja bayan shekara talatin. Ban ce kada a gwada ba. Idan wani mai hikima cikin matasan Kano ko Sakkwato ya ɗauko Idon Matambayi, ina roƙon ya nuna mana ƙauyen kamar yadda zai kasance yau, da kujerun da babu masu su, da tsoron hanya, da samarin da suka tafi ci-rani ba su komo ba, ko da za a zage shi a makon farko.

An nuna kashin ƙarshe na Twin Peaks ranar Lahadi, 3 ga Satumba, 2017, kwana biyu bayan Babbar Salla, kuma a wannan ranar ce Allah ya karɓi ran Kasimu Yero a Kaduna. David Lynch shi ma ya rasu a Janairun 2025 yana da shekara 78.

Na taƙaita wa Kawu wannan labari a teburin mai shayi, ya saurara har na gama bai katse ni ba. Sa'an nan ya shiga ba ni labarin yadda suke kallo a da, a ƙofar gidan wani attajiri da ya fara kawo akwatin talabijin garin, da batirin mota, da eriya bisa doguwar gora wadda yaro ke juyawa, in an fuskanci kudu a kamo Sakkwato, in an fuskanci arewa a kamo Tele Sahel ta Nijar. Ya fara lissafa waɗanda suke zama tabarma ɗaya da shi, yana naɗe yatsa ga kowane suna yana cewa Allah shi jiƙan shi, har yatsun hannu guda suka ƙare ya koma ɗayan. Da ya kai na takwas sai ya yi shiru, ya miƙa wa ɗan kabu-kabun wayarsa ya ce, "Yaro, ƙara maido muna shi daga farko." Ba a kai rabi ba ladan ya kira Lisha.