Noman rani: me ƴan garka ke koyo a zaman horo na lokacin ɗari?

Ɗari ya shigo, an kai hatsi rumbu, masu garka kuma sun duƙufa. Daga fadamun Jiratawa kusa da Maraɗi zuwa Galmi da Madawa a jihar Tawa, har Matamai da Gidimuni a ƙasar Damagaram, ko'ina ka bi sai ƙarar motopom da koren albasa da tumatir da shu da salati. A daidai wannan lokaci ne kuma ake yawan kawo mana sanarwa a gidan rediyo cewa malaman gona na kiran ƴan garka zaman horo. Wasu su je, wasu su ce ai kakanninsu ba su shiga aji ba suka noma albasa. To me ake faɗi a wurin nan, kuma ya kai mutum ya bar ban ruwa na safiya guda saboda shi?

Masu shirya irin wannan zama sun haɗa da ma'aikatar gona ta jiha da ɓangarenta na kare tsirrai, da majalisun manoma na jihohi waɗanda RECA ke haɗa kansu a Yamai, da masu binciken cibiyar INRAN, da ƙungiyoyin manoma da wasu ayyukan raya karkara. Wani zaman na kwana ɗaya ne ko biyu a cikin ɗaki. Wani kuma shi ne wanda ake kira gonar makaranta, inda mutum 20 zuwa 30 ke haɗuwa kowane mako a garka guda tun daga rainon iri har girbi. Hukumar FAO ce ta fara wannan tsari a ƙasar Indunusiya a shekarar 1989 da manoman shinkafa, daga baya ya iso Afirka. A gonar makaranta ana raba fili biyu: gefe ɗaya a yi yadda aka saba, gefe ɗaya a yi yadda malami ya nuna, ranar girbi a auna a gani. Ba gardama, buhu ne ke magana.

An zaɓi lokacin ɗari ne don dalili. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu sanyi na rage wa ƙwari gudu, shuka na ƙarama, kuskure na gyaruwa. Da zarar Maris ta kama zafi ya tashi, ƙwaron da a da kake ganin ɗai-ɗai sai ya cika garka cikin mako biyu. Wanda ya jira sai lokacin ya nemi shawara ya makara.

Abu na farko da ake koyarwa, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan zaman duka, shi ne mutum ya san abin da ke cin shukarsa kafin ya sa hannu aljihu. Mu a nan komai tsutsa ce, komai kuma magani ɗaya. Mai garka ya ga ganye ya canza, ya tafi kasuwa ya ce a ba shi mai ƙarfi, mai tebur ya miƙo masa kwalba. Alhali abokan gabar ba iri ɗaya ba ne, kuma abin da ke kashe wannan ba ya taɓa wancan.

Ɗauki tumatir. Akwai wata ƙaramar tsutsa da malamai ke kira Tuta, asalinta Kudancin Amurka, ta shiga Sifen a 2006, aka gano ta a Nijar a 2013. Ƴan uwanmu na Najeriya ba za su manta da 2016 ba, shekarar da ta share gonakin tumatir a Kano da Kaduna har kwando ya gagari mai ƙaramin ƙarfi. Uwarta wani ɗan malam-buɗe-littafi ne mai launin toka da ke yawo da dare, mace ɗaya na iya zuba ƙwai fiye da 200, kuma idan da zafi cikin kamar wata guda ƙwai ya zama uwa. Tsutsar ba a saman ganye take zama ba, cikin ganyen take shiga ta yi rami tsakanin fatarsa ta sama da ta ƙasa. Idan ka ɗaga ganyen wajen rana za ka ga fari-fari kamar takarda, da baƙin kashinta a ciki. Shi ya sa mutum zai yi feshi sau uku sau huɗu da maganin da ke kashe abin da ya taɓa kawai, tsutsa na ciki tana cin abincinta. A zaman ana nuna yadda ake tsinke ganyen da ta kama tun farko, a tara ruɓaɓɓun ƴaƴa a binne su da zurfi ko a ƙona, kada a watsar a bakin fangali.

Sai kuma ciwon da ke sa ganyen tumatir ya nannaɗe ya yi rawaya, shuka ta tsugune ta ƙi yin fure. Wannan ba tsutsa ba ce. Ƙwayar cuta ce da farin ƙuda ke ɗauka daga shuka mai ciwo ya kai wa lafiyayya. Shukar da ta kamu ba ta da magani, ko da za ka juye mata kantin gaba ɗaya. Abin yi shi ne a tumɓuke ta da wuri, a kuma kare ƴaƴan iri tun suna wurin raino, domin a can ne ciwon ya fi yi musu illa. Tsohon gidan sauro da aka ɗaura a kan sanduna aka danne gefensa da ƙasa yana wannan aiki, in dai ba shi da ɓula. Ku lura, tsoho na ce, kada wani ya je ya cire wanda yara ke kwana ciki.

Jan gizo ma yana da nasa labarin. Ƙanƙane ne ƙwarai, a bayan ganye yake zama, sai ya yi yawa kake ganin yanarsa a kan tumatir ko yalo. Shi ba ƙwaro ba ne irin na sauran, dangin gizo-gizo ne, kuma yawancin magungunan ƙwari da ake samu a kasuwa ba sa yi masa komai. Abin da ya fi muni, suna kashe ƙananan ƙwarin da ke cinye shi, sai ya samu fili ya yaɗu. Na taɓa ganin haka a garkar wani kawuna. Duk bayan kwana uku sai ya yi feshi, ganye na ƙara ƙonewa, yana ta zargin iri. Ranar da malamin gona ya zo, ganye ɗaya ya juya ya sa masa gilashin ƙara girma, kawu ya ga abin na motsi. Kuɗin da ya zuba a kwalabe a wannan shekara da sun biya masa man motopom har ƙarshen rani.

Masu albasa kuwa, babban abokin gabarsu wasu ƴan mitsi-mitsin ƙwari ne da malamai ke kira tirips, masu ɓuya a wuyan albasa inda ganyaye suka haɗu. Suna kankare ganye su tsotse ruwansa, ya yi tabo fari mai walƙiya, bakinsa ya bushe, albasa ta fito ƙanana. Ana koya wa mutum ya buɗa wuyan da yatsa ya duba, ya kuma gane cewa albasar da aka dasa da wuri ta kan ƙosa kafin zafin da suke so ya iso. Ga masu noman jar albasar Galmi da ake lodi zuwa Gana da Kodebuwa, girman albasa shi ne kuɗin. Shu na da tata koriyar tsutsa mai huda ganye, zogala ma na da tata, tattasai kuma darɓa.

Akwai wata ɓarnar da ba a gani sai an tumɓuke shuka. Tumatir ya yi yaushi da rana ko da an ba shi ruwa, ka ciro shi ka tarar da saiwa duk ƙulli-ƙulli. Wasu tsutsotsi ne na cikin ƙasa da ido ba ya gani, kuma suna taruwa ne inda ake maimaita shuka iri ɗaya shekara da shekaru. A nan ne mutane da yawa ke mamaki idan aka gaya musu cewa tumatir da tattasai da tonka da yalo da dankalin turawa duk ƴan gida ɗaya ne. Wanda ya cire tumatir ya sa yalo bai canza komai ba. Sai a sa albasa ko masara a tsakani, a kuma ƙara takin gargajiya wanda ya ruɓe sosai.

Yanzu mu zo kan maganar magani, inda ake yawan ɗaga murya a zaman. Malamai ba su ce kada a yi feshi ba. Cewa suke yi a yi shi da sani. Ƙasashen Sahel suna da kwamiti guda mai zama a Bamako, shi ke tantance magungunan ƙwari da aka yarda a sayar, kuma wanda ya samu izini yana ɗauke da lambarsa a jikin kwalba. Amma kowa ya san kasuwanninmu, musamman na bakin iyaka. Ana ɗura magani a ƴan kwalabe ba suna ba kwanan wata. Ana fesa maganin auduga a kan salati. Piya-piya da aka sani da ƙarfi ana zuba shi a kan ganyen da yaro zai ci ɗanye gobe. A jikin kwalbar gaskiya akwai zane mai launi a ƙasa, ja ko rawaya ko shuɗi ko kore, jan shi ne mafi haɗari. Akwai kuma adadin kwanakin da dole a jira tsakanin feshi na ƙarshe da girbi. Wannan lamba ita ce ta fi shafar mu masu saye a kasuwar Maraɗi ko Tawa ko Yamai, domin wanda ya yi feshi da yamma ya tsinka da safe mu ya aiko wa guba a kwando. Shi kansa mai feshin, in ya yi da gajeren wando ba takalmi yana fuskantar iska, jikinsa na sha ta fata da hanci. Kwalbar da ta ƙare kuma ba ta zama ta mai ko ta ruwan sha, komai wankin da aka yi mata.

Wani kuskuren da ake jan kunne a kai shi ne ƙara awo. Kwalba ta ce murfi ɗaya, mutum ya zuba uku don ya tabbata. Da haka, da maimaita magani ɗaya kullum, ƙwari ke sabawa har ya daina yi musu aiki. Canza sunan kwalba ma ba lalle ya zama canza magani ba, sau da yawa sinadarin ciki ɗaya ne, sunan kamfani ne ya bambanta.

Ana kuma koyar da haɗin gida, wanda ya fi shahara shi ne na ƴaƴan bedi, wato dogon yaro. A daka busassun ƙwayoyin rabin kilo, a jiƙa a ruwa lita 10 su kwana, a tace da ƙyalle mai laushi, a ɗan sa sabulu don ya kama ganye, a fesa da yamma saboda rana na kashe masa ƙarfi. Gaskiyar magana, ba ya kashewa nan take yadda mutanenmu ke son gani. Hana ƙwaro ci yake yi da hana shi girma, sai an fara da wuri an kuma maimaita kowane mako. Wanda garkarsa ta riga ta cika da tsutsa kada ya zargi bedi.

Amma me ya sa sai an taru? Saboda ƙwaro bai san iyakar garka ba. Ka tsaftace taka, maƙwabcinka ya gama girbi ya bar karan tumatir tsaye wata biyu, Tuta da farin ƙuda su hayayyafa a can su dawo maka. A fadamar da garka ɗari ke manne da juna, sai an yi magana ɗaya kan ranar share saura da lokacin dashe.

Ina da ƙorafi biyu a kan yadda ake shirya wasu daga cikin waɗannan zama, kuma zan faɗe su. Na ɗaya, idan aka ce akwai kuɗin zama, sai a tura wanda ya san mai rubuta suna, a bar wanda ke riƙe da famfon feshi. Sau da yawa matashi ne ke feshin, mata ne ke tsinka da wankewa da kai wa kasuwa, amma su ne ba ka gani a kan benci. Na biyu, zaman da aka yi a ɗaki da faransanci ana nuna hotuna a bango, mutum ya koma gida da littafin da ba zai iya karantawa ba, amfaninsa kaɗan ne. A yi da Hausa, a yi a bakin fangali, kowa ya juya ganye da hannunsa.

Ku kuma ƴan uwa da ke Kwatano da Abijan da Akara da Legas da Libiya, mun san da yawa cikinku ku ke aiko da kuɗin iri da taki da mai. Idan aka kira ku aka ce tsutsa ta faɗa garka a turo na magani, ku tambaya wace tsutsa ce, wa ya duba ta. RECA na da cibiyar kira da ke ba manoma shawara da Hausa da Zabarmanci, ana kuma iya tura musu hoton ganye ta WhatsApp. Wanda zai je zama na gaba kuma ya tafi da ganyen da ya lalace a cikin leda, da saiwar idan ya tumɓuke, da kwalbar maganin da yake amfani da ita, ko da ta ƙare. Ranaku da wuraren zaman kowace karamar hukuma za mu riƙa sanar da su a shirinmu na manoma da zarar an kawo mana.